Sunaye Biyu a Gangaren Dutse

Shekaranjiya masu sayen tsohon ƙarfe suka zo da amalankensu, suka ɗauke moton nan mai ƙafa biyu da ya daɗe jingine a bayan rumbu. Ni ce na ce a ba su. Tayoyinsa sun ruɓe tun tuni, kaji sun mai da ƙarƙashinsa wurin kwanansu, tsatsa ta ci tankin har kana hango ƙasa ta cikinsa. Ban zaci zan ji komai ba. Amma da suka ɗaga shi, ƙarfen nan na baya da ake ɗaure kaya a kai ya yi wata 'yar ƙara da na sani, sai na juya musu baya. Na nemi kujera na zauna. Jikata ta ce, "Kaka, lafiya?" Na ce mata lafiya lau, ta ɗauko takardarta in tana so, yau bakina ya buɗe.

Yanzu moto ya cika Matameye, ba ka iya tsallaka titi sai ka waiga sau uku. Kabu-kabu a kowace kusurwa. Ina zaune a ƙofar gida sai in ga yarinya ta haye bayan mijinta, ta zagaye cikinsa da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana riƙe da salula a kunne, tana kiran sunansa gatsal tana cewa ya rage gudu. Ba na zagin su. Ina kallo ne kawai, ina mamakin yadda abin da ya kai ni har kan duwatsu kafin in iya shi, su an haife su da shi a baki. A lokacinmu garin nan da kunne ake saninsa. Da asuba ƙarar guga a rijiya, sai daka ta ɗauka daga wannan gida zuwa wancan, kowace mace ka san ta da bugun taɓaryarta. Sai jakuna su wuce za su Dungu ɗauko rake. In ka ji ƙarar moto kuwa, yara da manya sai an leƙo, don ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba.

A wancan zamani mace tana da sunaye biyu da ba ta ɗora wa harshenta: na mijinta, da na ɗanta na fari. Haka muka taras, haka aka koya mana tun muna ɗaukar tulu. Maigidana kashegarin Asabar aka haife shi, sunan ranar kuma aka laƙaba masa, kowa da shi yake kiransa. To ni ko ranar ba na ambata. In za a yi suna ko biki a wannan rana, sai in ce kashegarin Asabar, mata su yi dariya, su ma kowace tana da tata kalmar da take kewayewa. Shi kuwa 'Yar Kurni yake ce mini, don can aka ɗauko ni.

'Yata ta fari, ranar da aka yaye ta, yayar maigidana ta zo. Yaya muke ce mata. Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma mace ce mai hannu a buɗe, ba wanda zai ce ta taɓa ɓata masa rai. Ta ɗauki yarinyar ta goya, ta ce ta samu 'ya. Ina daka a lokacin. Ban ɗaga kai ba, ban sauya bugun taɓarya ba, har suka fice daga zaure. Surukata ta dube ni ta ce wa maƙwabta, "Kun gani ko? Wannan an haife ta da kunya." Na ji daɗin yabon, kada in yi ƙarya. Na ɗauka gidan Yaya nan ne bayan kasuwa, zan riƙa hango ta in za ni rijiya. Ashe mijin Yaya zai tashi da iyalinsa ya koma wani barikin kuza can bayan Jos, inda ya kafa teburin sayar da kaya. Damina huɗu ban sa ta a ido ba. Wanda na haifa bayanta namiji ne, bai zauna ba, ya koma tun bai fara rarrafe ba. Bayana ya zama wayam. Ban taɓa tambayar kowa labarinta ba, don uwar kirki ba ta tambayar ɗan fari. Sai dai ina da wata 'yar jigida da na fara shirya mata tun tana nono. Kowace kaka in ƙara mata duwatsu kaɗan, ina kintatar yadda ƙugunta ya kai, in mayar da ita ƙasan kwalla in rufe.

Maigidana Kano yake cin rani, gyaran keke yake yi a bakin wata kasuwa. Mutum ne marar yawan magana, in ya ce maka biyu ya gama ta ranar. Wata bazara ya dawo a kan moto, wanda ya haɗa da hannunsa daga matattu guda biyu. Bayan kwana uku, ina ba surukata fura, ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Ina so in je in gaida Yaya kafin ruwa ya sauka. Sai dai ina bukatar mai riƙe mini kaya a baya."

Ta ce, "Ga ƙanenka nan zaune ba ya komai."

Ya ce, "Wannan ƙaton? Moton ba zai hau dutse da shi ba. 'Yar Kurni ta fi sauƙi."

Ludayin ya kusa suɓuce mini. Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba. Surukata ta ce to, amma in zauna zaman mata, ƙafafu gefe guda, in riƙe ƙarfen baya. Ta ce, "Kada in ji an ce an ga surukata ta rungumi namiji a kan hanya."

Muka tashi bayan sallar asuba, da damin rake da ƙunshin ƙuli-ƙuli da bidon mai, wato jarka, a ɗaure, jigidar kuma na ƙulle ta a bakin zanena ba wanda ya sani. Muka wuce 'yan duwan, wato 'yan kwastan, a iyaka, muka wuce Daura. Ni da ban taɓa wuce Kance ba. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, in ka hau rumbu ka ga ƙarshen duniya. Da muka kai Kazaure na ga tuddai na ce masa ashe mun iso. Ya yi dariya har moton ya yi tangaɗi, ya ce, "Waɗannan ai jikoki ne. Bari ki ga kakanninsu." Muka kwana Kano gidan mai masaukinsa, matan gidan suna ta tsokanata wai na ce moto, su babur suke cewa. Kashegari muka yi kudu. Muna tafiya, muna tafiya, ƙasa ta juye ja, itatuwa suka yi tsawo suka haɗe kai, birai suna zaune a bakin hanya suna kallonmu kamar su ne masu garin. Muna tafiya, muna tafiya, sai ga ciyawa ɗanya shar, alhali a gida mun baro awaki suna cin takarda. Na ce a raina, ashe damina a nan take kwana kafin ta iso mana.

Rana ta uku muka fara hawa. Duwatsu ne baƙaƙe, wani a kan wani, wani ƙato a kan ɗan ƙarami, kamar wani ya jera su ya tafi zai dawo. Hanya ta riƙa naɗewa a jikinsu, dama dutse, hagu rami. Kunnuwana suka toshe. Sanyi ya shigo ta ƙarƙashin mayafina a tsakiyar bazara. Can ƙasa ina hango garuruwa kamar an watsa tsaba, hayaƙinsu yana tashi bai iso inda muke ba, shaho kuma yana shawagi a ƙarƙashin ƙafafuna. Ni da na saba ɗaga kai in ga shaho, ranar na ga gadon bayansa. A kwanar farko moton ya kwanta wajen ramin, ni kuwa na ja jikina wajen dutse da iyakar ƙarfina. Saura kaɗan mu zube. Ya tsaya ya sa ƙafa a ƙasa.

Ya ce, "In moto ya kwanta, ki kwanta tare da shi."

Na ce, "In kwanta wajen rami ina ji ina gani?"

Ya ce, "In kin bi ni ba ma faɗuwa. In kin yi gardama da ni ne za mu faɗi. Saki ƙarfen nan ki riƙe ni."

Na waiga gabas da yamma, ba kowa sai duwatsu. Na kama gefen rigarsa da yatsu biyu, kamar mai ɗaukar abu mai zafi. Ya ce, "Haka za ki riƙe ni? To Allah ya kai mu." Da haka muka ƙarasa, ta cikin gonaki masu shingen ƙaya da manyan tafkuna shuɗaye da masu haƙar kuza suka bari.

Yaya ta fito da guɗa. Bayanta wata 'yar yarinya ta leƙo, da hular ulu da rigar sanyi, kumatunta cike. Yaya ta ce mata, "Zo ki gaida babanki da baƙuwarmu." Ta zo ta durƙusa, ta gaida shi, ta juyo gare ni ta ce, "Sannu da zuwa, Baƙuwa." Na ce, "Yauwa." Ban dubi fuskarta ba. Ƙafafunta na duba, na ga yatsun ubanta sak, babban yatsan nan mai karkata. Kwana uku muka yi. Ta kawo mini ruwa, in ce ta ajiye. Ta zauna kusa da ni tana wasa da 'yar tsanarta, in matsa. Sai in ta juya baya nake kallonta, in kalli ƙeyarta, in kalli yadda take taka ƙasa. Inna take ce wa Yaya, kuma Yaya ta riƙe ta riƙon da ba abin da zan ce. Kitsonta tsaf, ta iya Fatiha, ta iya gaisuwa. Sau uku ina kwance bakin zanena zan ba da jigidar, sau uku ina mayarwa.

Safiyar tafiyarmu, maigidana yana tsugune yana goge bujin moto, wato filogi, Yaya ta ɗaure mana buhun dankali, sannan ta dube ni ta ce, "Ƙanwata, faɗa mini gaskiya tsakaninki da Allah. Ganina kika zo yi, ko karɓa kika zo?"

Ga maƙwabtanta tsaye sun zo sallama. Bakina ya faɗi abin da aka koya masa. Na ce, "Haba Yaya. Ni ina ruwana da ita? Ai taki ce."

Na ga hannun maigidana ya tsaya cak a kan bujin. Ya mayar da shi, ya naɗe rawaninsa har kunnuwa saboda sanyi, ya tada moto. Yarinyar ta ɗaga mana hannu tana cewa Baƙuwa ta gaida gida.

Muka fara gangara. Kowace kwana muka sha, sai in ji kamar ana zare mini wani abu daga ciki. Can ƙasa na hango wata gada, bayanta hanya ta miƙe zuwa filin da zai kai mu gida. Na sani, kamar yadda na san sunana, in muka haye gadar nan shi ke nan. Ba za a sake haɗa wani moton domina ba. Zan koma in ci gaba da ƙara duwatsu a jigida har ta isa ɗaure rumbu. Na ce, "Maigida." Iska ta kwashe. Na ce, "Ka ji." Moton yana ruri, kunnuwansa suna cikin rawani. Na ja rigarsa, ya zaci tsoron kwana nake ji, ya ɗaga murya ya ce in riƙe da kyau mun kusa sauka. Gadar tana matsowa, har ina ganin ruwan da ke gudu a ƙarƙashinta.

Sai na buɗe baki na kira sunansa. Ba a hankali ba. Na kira shi da muryar da nake korar tsuntsaye a gonar gero. Duwatsun nan kuwa suka karɓa suka mayar, wannan ya faɗa wa wancan, wancan ya faɗa wa na bayansa, sau uku ina jin sunan mijina da muryata yana yawo a sararin Allah. Ya taka birki har igiyar buhu ta tsinke, dankalin Yaya ya bi gangara yana tsalle.

Ya sauka. Ya janye rawani daga kunnensa a hankali. Ya dubi dutsen dama, ya dubi na hagu, ya ce, "Wa ya kira ni a nan? Ban san ina da 'yan'uwa a garin nan ba."

Na rufe fuskata da mayafi.

Ya matso, muryarsa ta sauka. Ya ce, "'Yar Kurni, me kika manta?"

Jigidar tana cikin tafin hannuna. Ga hanya a buɗe: in ce na manta ban ba da tsaraba ba, mu koma in miƙa, in fito da kunyata cikakkiya, a ci gaba da yabona har in mutu. Na buɗe baki da niyyar in ce jigida. Abin da ya fito shi ne, "Hadiza."

Rubuta shi haka, kada ki kewaye. Na faɗa a ranar, ga shi na sake faɗa yau.

Ya dube ni. Sannan ya ce, "Tun daga Matameye nake jiran kalmar nan. Na ga jigidar a ƙasan kwalla tun bara. Amma ni ba zan iya karɓar abu daga hannun Yaya ba, alhali mai shi ta ce ba nata ba ne." Ya juya kan moton, ya ce, "Hau. Dankalin kuma birai sun gode."

Muka tarar da Yaya zaune a bakin ƙofa, ga ɗan ƙunshin kaya a gefenta an ɗaure. Idanunta sun yi ja. Ta ce ta ji ƙarar moton tun daga kwanar ƙarshe. Na durƙusa a gabanta, na kasa magana. Ta ce, "A'a, faɗa da bakinki. Da baki kika ba ni." Na ce, "Yaya, ki yafe mini. Ina son 'yata." Ta ce, "Na sani tun ranar da kuka iso. Wace baƙuwa ce take kallon ƙeyar yaro haka? Na ce wa kaina in rana ta take tsaka ba ku dawo ba, zan kwance ƙunshin nan, kuma ba mai sake jin zancen a bakina." Ta karɓi jigidar daga hannuna, ita ta ɗaura wa yarinyar da kanta. Ta yi mata yawa da kamar yatsu biyu. Yaya ta ce, "Kin ƙara mata ƙiba a zuci." Muka yi dariya, muna share hawaye. Sannan ta gyara wa yarinyar hular ulu, ta ce mini kada in yarda ta fita ba hula, sanyi yana kama ta. Ban tuna mata zafin Matameye ba. Na ce to. Ta shige ɗaki ba ta tsaya ganin tashinmu ba, kuma har yau in na tuna bayanta a ranar sai na nema mata rahamar Allah.

Yarinyar ta yi kuka har muka wuce gadar, tana kiran Inna. Ban hana ta ba, tana da gaskiya. Mun sa ta a tsakiya, kuma babu yadda zan tsare ta sai na miƙa hannuwana biyu na zagaye ta na kama ubanta sosai. In moto ya kwanta, mu uku mu kwanta tare. Wajen dajin birai barci ya ɗauke ta, kanta a ƙirjina, hular ulun tana sosa mini haɓa. Da haka, a rana ta uku, muka shiga Matameye rana tsaka, kowa yana gani. Surukata ta fito zaure, ta dubi hannuwana, ta ce, "Ina kunyar da na aike ki da ita?" Ɗanta ya ce, "Mun baro ta kan dutse. Moton ba ya ɗaukar mutum huɗu." Ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai jikarta ta durƙusa ta gaishe ta da hular ulu a cikin wannan zafi, tsohuwa ta fashe da dariya, zancen ya mutu a nan. Kwana biyu bayan haka ruwan shuka ya sauka.

Wata guda yarinyar tana ce mini Baƙuwa, tana kwana da hularta. Yanzu ita ma ta yi jikoki, amma in tana son tsokanata a salula, haka take farawa: "Baƙuwa, kin tashi lafiya?" Yaya kuwa da mijinta ya rasu gidan nan ta dawo, a ɗakin da ke kallon rijiya ta ƙare kwanakinta, kuma a hannun 'yar tata ta cika.

Sunan maigidana ban sake kira ba. Na koma ga kashegarin Asabar ɗina, shi ma bai taɓa tada zancen ba, shekara da shekaru. Sai a ciwonsa na ƙarshe. Wata la'asar mun fito da shi inuwar itacen bedi, yana kwance a tabarma, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, jikoki suna wasa a kan mataccen moton nan. Ya ce, "'Yar Kurni, kira ni mana."

Na ce, "Ga yara nan."

Ya ce, "Hankalinsu yana kan moto."

Na sunkuya har bakina ya kusa taɓa kunnensa, na faɗa a hankali, yadda ko tabarmar ba ta ji ba. Idanunsa a rufe. Na ga gefen bakinsa ya motsa.

Ya ce, "Me kika manta kuma?"

Na ce, "Ba komai. Duk na ɗauko."